Yadda Ake Auna Ra'ayin Mutanen Bangladesh Kan Haƙuri da 'Yancin Addini

Wanda ya tashi neman sanin yadda mutanen Bangladesh suke kallon mabiya addinin da ba nasu ba, ko ɗan jarida ne, ko ɗalibi mai rubuta kundin kammala karatu, ko ɗaya daga cikin matasanmu da ke Jami'ar Musulunci ta Fasaha a Gazipur, ko kuwa mai zuwa babban taron Tabligi da ake yi kowace shekara a Tongi bakin kogin Turag, zai tarar da labari iri biyu suna jiransa. Na farko yana cewa ƙasa ce da masallaci da wurin bautar Hindu suke maƙwabtaka ba tare da wata fitina ba, na biyu kuma yana cewa tsirarun ƙasar kullum a firgice suke kwana. Kowane ɗayansu yana da hujjojin gaskiya da zai kafa, shi ya sa zaɓar ɗaya a watsar da ɗayan ba ya kai mutum ga komai. Abin da wannan jagora yake son koya wa mai bincike shi ne yadda zai gano inda haƙurin mutane yake da ƙarfi da inda yake karyewa, domin a Bangladesh amsar da mutum zai ba ka a kan 'yancin ibada ba ta isa ta gaya maka abin da zai yi ranar da aka yi shelar cewa an zagi addini, ko ranar da gonar maƙwabcinsa ta zama abar kwaɗayi.

Ka fara da ƙidaya da taswira

Ƙidayar jama'a ta shekarar 2022 ta nuna cewa mutanen ƙasar sun haura miliyan 165, kuma kimanin kashi 91 cikin 100 Musulmi ne, kusan kashi 8 mabiya addinin Hindu, mabiya addinin Buda kashi 0.6, Kiristoci kuma kashi 0.3. Kada ƙanƙantar kashi 8 ta ruɗe ka, domin a ƙasa mai irin wannan yawa adadin Hindu ya zarce mutum miliyan 13. Ka ajiye waɗannan alƙaluma kusa da na baya: a ƙidayar 1951, lokacin yankin yana Gabashin Pakistan, Hindu sun kai kimanin kashi 22, a 1974 suka koma kashi 13.5, a 2011 kuma kashi 8.5. Wannan raguwa tana da dalilai fiye da ɗaya, ciki har da hijira zuwa Indiya bayan raba Indiya da Pakistan a 1947 da lokacin yaƙin neman 'yancin Bangladesh daga Pakistan a 1971, da ci gaba da ficewa sannu a hankali bayan kowace tarzoma, da kuma ƙarancin haihuwa a gidajen Hindu idan aka kwatanta da na Musulmi. Mai bincike mai gaskiya yana ambata su duka.

Bayan haka ka duba inda mutanen suke zaune, domin ƙasar tana da gundumomi 64 kuma rabon addinai a cikinsu bai zama ɗaya ba. A Gopalganj fiye da rubu'in jama'a Hindu ne, kuma suna da yawa a Khulna da Thakurgaon da Moulvibazar, inda ma'aikatan gonakin shayi suke. A tsaunukan Chittagong, wato gundumomin Rangamati da Khagrachhari da Bandarban, akwai ƙabilun Chakma da Marma waɗanda galibinsu mabiya Buda ne, kuma rikicinsu da gwamnati da baƙin da aka zaunar a yankin ya haɗa ƙasa da ƙabila da addini, har aka ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya a watan Disamba na 1997. Binciken da ya tsaya a birnin Dhaka kaɗai, ra'ayin Dhaka ya auna, kuma wajibi ne a faɗi haka a rahoto.

Ka san abin da tsarin mulki ya ce, da sau nawa ya sauya

Ba za ka fahimci amsoshin mutane ba sai ka san gardamar da suka gada. Kundin tsarin mulki na 1972 ya kafa ƙasar a kan ginshiƙai huɗu, wato kishin ƙasa, da gurguzu, da dimokuraɗiyya, da rashin fifita wani addini a harkar gwamnati, har ya hana kafa jam'iyya a kan addini. Dalilin hakan yana cikin yaƙin 1971, inda sojojin Pakistan da mayaƙan sa-kai da suka mara musu baya suka yi kisa da sunan kare ƙasar Musulunci, kuma Hindu suka fi kowa shan wuya. Sheikh Mujibur Rahman, jagoran samun 'yancin ƙasar, ya sha bayyana cewa wannan ginshiƙi ba ya nufin rashin addini, kuma shi ne ya kafa Gidauniyar Musulunci ta ƙasar a 1975. A 1977 Janar Ziaur Rahman ya cire ginshiƙin, ya sa dogaro da imani ga Allah Maɗaukaki a madadinsa, ya kuma ɗora Bismilla a farkon kundin. A 1988 Janar Hussain Muhammad Ershad ya mai da Musulunci addinin ƙasa ta hanyar gyara na takwas, kuma a wannan shekarar ce aka kafa Majalisar Haɗin Kan Hindu da Buda da Kirista domin nuna adawa da matakin. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2010, gyara na goma sha biyar a 2011 ya dawo da ginshiƙin da aka cire, amma ya bar Musulunci a matsayin addinin ƙasa, tare da alƙawarin daidaita matsayi da haƙƙin sauran addinai wajen ibada. A watan Maris na 2016 Babbar Kotu ta yi watsi da ƙarar da aka shigar tun 1988 ana ƙalubalantar addinin ƙasa, sannan a farkon 2025 kwamitin gyaran tsarin mulki ƙarƙashin Farfesa Ali Riaz ya ba da shawarar a maye gurbin ginshiƙin da amincewa da bambancin al'umma. Tunda batun bai daina motsi ba, ka nemi kundin kamar yadda yake a ranar da za ka fara aiki.

Amfanin wannan tarihi a wajen aiki shi ne, idan ka tambayi mutum ko yana goyon bayan raba addini da gwamnati, sau da yawa abin da zai ji shi ne kana tambayarsa ko shi ɗan jam'iyyar Awami League ne, wato ta Mujibur Rahman, ko ɗan BNP, wadda Ziaur Rahman ya kafa, ko ɗan jam'iyyar Musulunci ta Jamaat-e-Islami. Amsar da zai ba ka ta siyasa ce, kai kuma ka rubuta ta a matsayin ta aƙida.

Yadda ake karanta binciken jin ra'ayi

Binciken da aka fi ambata shi ne wanda cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a 2013 kan Musulmin duniya. A cikinsa kashi 82 cikin 100 na Musulmin Bangladesh sun ce suna so shari'ar Musulunci ta zama dokar ƙasa, adadin da ya faɗo tsakanin na Nijar, kashi 86, da na Najeriya, kashi 71. A binciken nan dai kashi 70 sun fifita dimokuraɗiyya a kan shugaba mai ƙarfin iko, kuma cikin waɗanda suke ganin mabiya sauran addinai suna da cikakken 'yancin ibada, fiye da tara cikin goma sun ce hakan abu ne mai kyau. Amma kuma cikin masu son shari'a, kashi 44 sun goyi bayan hukuncin kisa ga wanda ya yi ridda.

Mai gaggawa yakan ɗauki adadi ɗaya daga cikin waɗannan ya gina labari a kansa. Kai ka karanta su tare, domin mutum ɗaya ne yake ba da amsoshin, kuma a zuciyarsa ba su saɓa wa juna ba. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba, domin ya san mutanen da suke son shari'a da gaske kuma suke zaune lafiya da maƙwabtansu Kiristoci shekara da shekaru. Abin da alƙaluman suke nunawa shi ne cewa haƙurin yana da faɗi a kan wanda aka haifa cikin wani addini yana bin abinsa, yana kuma ƙuntata sosai a kan wanda ya fita daga Musulunci ko aka zarge shi da taɓa alfarmarsa. Ka kuma lura da abubuwa biyu kafin ka dogara da kowane bincike. Na farko, wa aka tambaya: binciken Pew Musulmi kaɗai ya tambaya, saboda haka cewar da suka yi tsiraru suna da 'yanci shaida ce ta masu rinjaye a kan kansu. Na biyu, yaushe aka yi tambayar: an tattara amsoshin kafin zanga-zangar dandalin Shahbag a Dhaka, ta masu neman a hukunta waɗanda suka yi laifukan yaƙin 1971, da gangamin ƙungiyar Hefazat-e-Islam na 2013, wadda ta nemi a kafa dokar hukunta ɓatanci cikin buƙatunta 13, kafin kashe-kashen marubutan intanet irin su Avijit Roy a 2015, kafin harin gidan cin abinci na Holey Artisan a watan Yuli na 2016, balle faɗuwar gwamnatin Sheikh Hasina a 2024. Ba daidai ba ne a kawo adadin fiye da shekaru goma da suka wuce a ce ra'ayin yau ne.

Yadda ake tsara tambaya

Tambayar da ta fi kowace rashin amfani ita ce wadda za ka ce wa mutum ko ya yarda a zauna lafiya da mabiya sauran addinai. Kusan kowa zai ce ya yarda, wani ma ya ƙara maka da jumlar da ta shahara a ƙasar, wadda ma'anarta ita ce addini na kowa nasa ne amma biki na kowa da kowa ne. Ka rubuta wannan amsa, domin tana nuna abin da jama'a suke ɗauka mutunci ne a faɗa, kuma wannan ma ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai aikinka yana farawa ne daga nan.

Ka jera tambayoyinka daga mai sauƙi zuwa mai nauyi, kowace kuma ta kasance a kan wani abu da ake yi a zahiri. Ka tambaye shi ko zai ba Hindu hayar ɗaki a gidansa, ko zai ci abincin da aka dafa a gidansa, ko ya taɓa zuwa kallon bikin Durga, babban bikin Hindu na shekara, ko zai yarda Hindu ya zama shugaban makarantar da ɗansa yake, ko zai zaɓe shi shugaban ƙaramar majalisar yankinsu. Daga nan ka hau zuwa alƙalanci da mulki, ka tuna masa cewa Surendra Kumar Sinha, wanda Hindu ne, ya riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalai daga 2015 zuwa 2017, ka ji ko yana ganin hakan ya dace, kuma ko zai amince da wanda ba Musulmi ba a kujerar Firaminista. Sannan ka zo kan sautin ibada, wanda shi ne yake yawan haddasa gardama tsakanin maƙwabta: idan lokacin kiɗan biki ya haɗu da kiran salla, wa ya kamata ya dakata, kuma wa zai yanke hukunci. A ƙarshe ka kawo tambaya mafi nauyi: idan aka ce wani ya wallafa ɓatanci a Facebook, me ya kamata a yi, wa ya kamata ya yi, kuma ko danginsa da 'yan unguwarsu suna da laifi. Gurbin da amsa ta juya daga "na yarda" zuwa "a'a" shi ne abin da kake nema, kuma ba wuri ɗaya yake juyawa ga kowa ba.

Irin waɗannan tambayoyi ka yi su ga Hindu da Buda da Kirista a kan Musulmi, da kuma a kan junansu. Akwai gidajen Hindu masu tsananin kiyaye tsarki da ba sa barin baƙo ya shiga madafinsu, akwai kuma wariyar da masu share titi da sauran waɗanda ake ɗauka ƙasƙantattu suke fuskanta daga Hindu 'yan'uwansu da Musulmi baki ɗaya. Binciken da ya ɗauka ƙyama hanya ɗaya kawai take bi ya bar rabin aikinsa.

Idan kana da mutane da yawa da za ka tambaya, akwai dabarar da masana suke amfani da ita domin kauce wa amsar kunya. Ka raba mutanen gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Ka karanta wa rukunin farko abubuwa uku da za su iya ɓata wa mutum rai, kamar tsadar shinkafa da cunkoson motoci da ɗauke wutar lantarki, ka ce kowa ya faɗi guda nawa ne suke damunsa ba tare da ya ambaci sunansu ba. Rukuni na biyu ka karanta musu waɗannan ukun ka ƙara na huɗu, misali gina wurin bautar wani addini a unguwarsu. Bambancin matsakaicin adadin da rukunan biyu suka bayar shi zai nuna maka kimanin yawan waɗanda abu na huɗu yake damu, ba tare da ka tilasta wa kowa ya fallasa kansa ba.

Wa yake tambaya, kuma a ina

Wannan ɓangare ya fi tsara tambayoyi muhimmanci, amma shi ake yawan yi wa sakaci. A Bangladesh ana gane addinin mutum tun kafin ya zauna. Sunan dangi kamar Das ko Saha ko Chakraborty na Hindu ne, Barua na mabiya Buda ne, Gomes da Rozario da Costa na Kiristoci ne. Matar aure Hindu takan sa jan gari a tsagar gashinta da fararen warwaro na ƙoƙon kodi a hannu. Hatta neman ruwan sha yana tona mutum, domin Musulmi yakan ce pani, Hindu kuma ya ce jol, kamar yadda ake kiran Musulmi bhai ko apa, a kira Hindu dada ko didi. Saboda haka tafintan da ka ɗauka ya riga ya sanar da mai amsa wace amsa ce mai aminci. Ka ɗauki masu tambaya daga kowane addini, maza da mata, ka rubuta wanda ya yi kowace hira, daga baya ka gwada ko amsoshi sun bambanta bisa ga mai tambaya. Idan sun bambanta, wannan bambancin sakamako ne da ya cancanci shiga rahoto.

Wurin hira shi ma haka. Baƙo, musamman baƙar fata daga Afirka, da zarar ya zauna a bencin mai shayi a kasuwar ƙauye, kafin a zuba masa madara mutane sun kewaye shi, yara a gaba manya a baya, wani yana tambayar ƙasarsa wani yana ɗaukar hotonsa da waya. Idan a wannan taro ka juya ga wanzamin garin ko maƙerin zinariyarsa, waɗanda sau da yawa Hindu ne, ka tambaye shi ko yana zaune lafiya, zai dubi fuskokin abokan cinikinsa ya ce lafiya lau, kuma babu mai hankalin da zai zarge shi. Ka gai da kowa a wajen mai shayi, ka kai gaisuwa ga limami da dattijon ƙauye da shugaban ƙaramar majalisa domin kada zuwanka ya zama abin zargi, amma hirar gaske ka yi ta a cikin gida, ba tare da rakiyar jami'i ko ɗan jam'iyya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A nan ne za ka iya tambayar ko akwai ɗan gidan da aka riga aka tura Kolkata ko Agartala a Indiya, ko sun taɓa sayar da fili a ƙasa da darajarsa, ko matan gidan sun taɓa cire alamar aurensu kafin su hau mota zuwa wani gari, da kuma wa suka kira a waya daren da aka yi tarzoma ta ƙarshe. Amsar wannan tambaya ta ƙarshe takan ba da mamaki, domin sau da yawa sunan maƙwabci Musulmi ake ambata kafin na 'yan sanda.

Ka bi sawun jita-jita har tushenta

Manyan hare-haren da aka kai wa tsiraru cikin shekarun nan suna da kama da juna, kuma wanda bai san wannan kama ba zai fassara su a karkace. A daren 29 ga Satumba 2012, a Ramu da ke gundumar Cox's Bazar, an ƙona wuraren ibadar Buda fiye da goma da gidaje masu yawa saboda hoton wulaƙanta Alƙur'ani da aka jingina wa shafin Facebook na wani matashi mabiyin Buda. A watan Oktoba na 2016 aka auka wa Hindu a Nasirnagar bisa wani hoto da aka ce wani masunci ya wallafa, binciken da ya biyo baya bai tabbatar da cewa shi ya yi ba, kuma jam'iyya mai mulki a lokacin ta dakatar da wasu shugabanninta na yankin. A Borhanuddin da ke Bhola, a 2019, matashin Hindu da aka zarga da kansa ya kai ƙara wajen 'yan sanda cewa an yi wa shafinsa kutse, amma duk da haka mutum huɗu suka mutu a arangama da jami'an tsaro. A ranar 13 ga Oktoba 2021 aka tsinci Alƙur'ani a rumfar bikin Durga a Cumilla, tarzoma ta bazu zuwa Chandpur da Noakhali da Rangpur, aka rasa rayuka, daga baya kuma hotunan na'urar tsaro suka nuna cewa wani Musulmi ne ya ajiye shi. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Ain o Salish Kendra ta ƙirga hare-hare fiye da 3,600 a kan Hindu da dukiyoyinsu da wuraren bautarsu tsakanin 2013 da watan Satumba na 2021.

Idan ka isa wurin da irin wannan ta faru, ka nemi sanin wanda ya fara yaɗa hoton, da wanda ya yi shela a lasifika, da ko maharan 'yan garin ne ko a motoci aka kawo su, da sa'o'in da 'yan sanda suka ɗauka kafin su iso, da wanda ya tsaya a ƙofa ya hana, da kuma yadda shari'ar ta ƙare. Wannan na ƙarshe shi ya fi ci mini rai, domin a yawancin waɗannan wurare shekaru sun shuɗe ba a hukunta maharan ba, alhali wanda aka yi wa ƙazafin yakan sha tsare a kurkuku ƙarƙashin dokokin raunata zukatan masu addini, kamar sashe na 28 na dokar tsaron intanet ta 2018, wadda aka maye gurbinta da wata a 2023. Jama'ar da ta ga haka sau da yawa tana koyon darasi, kuma darasin yana shiga cikin amsar da take ba ka.

Ka tambayi batun ƙasa a duk inda ka ji batun addini

Bangladesh tana cikin ƙasashen da suka fi cunkoso a duniya, kuma taƙi ɗaya na gona yana iya raba 'yan'uwa. Bayan yaƙin Indiya da Pakistan na 1965 aka kafa dokar dukiyar abokan gaba, wadda ta ba gwamnati ikon karɓe kadarar duk wanda ya tsallaka Indiya. Bayan samun 'yanci aka sauya mata suna a 1974 aka ci gaba da aiki da ita, kuma masu ƙarfi a ƙauyuka, na kowace jam'iyya, suka yi amfani da ita wajen mamaye filayen Hindu, har da na waɗanda ba su je ko'ina ba. Farfesa Abul Barkat na Jami'ar Dhaka ya ƙiyasta cewa gidajen Hindu fiye da miliyan ɗaya abin ya shafa. An yi dokar mayar da kadarorin a 2001, aka yi mata gyara a 2011, amma ƙararraki sun taru a kotuna. Saboda haka idan aka ƙona gida da sunan addini, ka je ofishin rajistar filaye bayan wata shida ka ga sunan wanda gonar ta koma hannunsa. Haka kuma ka duba kalandar zaɓe, domin an daɗe ana ɗaukar Hindu a matsayin masu zaɓen Awami League, kuma an kai musu hare-hare bayan zaɓen 2001 da lokacin zaɓen 2014.

Kada ka manta da saɓanin cikin gida

Mutum yana iya girmama maƙwabcinsa Hindu ya kuma ƙi jinin Musulmin da ya saɓa masa fahimta. 'Yan Ahmadiyya sun sha hari, an haramta littattafansu a 2004, kuma a watan Maris na 2023 an ƙona gidajensu a Panchagarh saboda taronsu na shekara. An tayar da bam a taron 'yan Shi'a a Hussaini Dalan da ke tsohon birnin Dhaka a 2015. Mawaƙan Baul masu waƙoƙin sufanci, magadan Lalon Fakir wanda hubbarensa yake Kushtia, ana tsangwamarsu a wasu wurare, kuma bayan watan Agusta na 2024 an farfasa hubbaren waliyyai da dama, a ƙasar da Musulunci ya bazu a cikinta ta hannun shehunai irin su Shah Jalal na Sylhet da Khan Jahan Ali na Bagerhat. Ka sa waɗannan rukunoni cikin tambayoyinka, ka kuma rubuta irin makarantar da mai amsa ya yi, ko ta boko ce, ko madarasar Alia da gwamnati take kula da ita, ko madarasar Qawmi mai bin tafarkin makarantar Deoband ta Indiya. Amma kada ka yanke hukunci daga sunan makaranta, domin bayan faɗuwar gwamnati a ranar 5 ga Agusta 2024 an ga ɗaliban madarasa suna gadin wuraren bautar Hindu cikin dare.

Wannan wata na Agusta shi ne wurin da ya kamata ka fi taka-tsantsan da majiya. An kai hare-hare na gaske a kan gidaje da shaguna da wuraren bautar Hindu, har Muhammad Yunus ya ziyarci haikalin Dhakeshwari kwanaki kaɗan bayan rantsar da shi shugaban gwamnatin riƙon ƙwarya. A lokaci guda kuma wasu kafafen Indiya da shafukan sada zumunta sun yaɗa tsoffin hotuna da labaran ƙarya, waɗanda masu tantance labari na cikin gida irin su Rumor Scanner suka ƙaryata, yayin da wasu a Dhaka suka fake da wannan ƙarya suna musanta har abin da ya faru. Rahoton ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya na watan Fabrairu 2025 ya tabbatar da hare-haren, ya kuma nuna cewa dalilansu sun cakuɗa ƙiyayyar addini da ramuwar siyasa da rigimar filaye. Ka tantance kowane lamari shi kaɗai, ka haɗa lissafin Majalisar Haɗin Kan Hindu da Buda da Kirista da na 'yan sanda da na jaridun gida kamar Prothom Alo da Daily Star, ka nuna inda suka dace da inda suka rabu.

Ka auna zumunci da irin ma'aunin da ka auna ƙiyayya

Ranakun hutun ƙasa sun haɗa da Sallah ƙarama da babba, da bikin Durga, da ranar haihuwar Krishna, da ta Buda, da Kirsimeti, kuma kowace shekara ana kafa rumfunan bikin Durga fiye da 30,000 a faɗin ƙasar. A Lalmonirhat akwai masallaci da wurin bautar Hindu a fili ɗaya, inda ake tsai da kiɗa idan lokacin salla ya yi. Gidan ibadar Buda na Dharmarajika da ke unguwar Basabo a Dhaka ya shahara da raba wa talakawan Musulmi abincin buɗa baki a watan azumi. Ka je irin waɗannan wurare da idon mai bincike: ka ga ko Musulmin unguwa suna shiga rumfar ko daga nesa suke kallo, ko suna ba da gudummawa, da yawan jami'an tsaron da aka girke, domin bikin da ba ya yiwuwa sai da bindiga a ƙofa yana ba da nasa bayanin. Bikin Durga yana zuwa a Satumba ko Oktoba, sabuwar shekarar Bengali a ranar 14 ga Afrilu, tarukan wa'azi na dare kuma sun fi yawa a lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma abin da ake faɗa a cikinsu game da maƙwabta ya cancanci a saurara da tafinta amintacce.

Wajen rubuta rahoto, ka ware abin da mutane suka ce, da abin da ka ga suna yi, da abin da tsiraru suka ce suna fuskanta, kada ka narke su cikin adadi ɗaya. Ka faɗi gundumomin da ka je, da watan da ka yi aikin, da addinin masu yi maka tambaya. Kada ka ambaci sunan kowa ko sunan ƙauyen da gidajen tsiraru ba su wuce biyar ko shida ba, domin faɗin sana'ar mutum kaɗai ya isa a gane shi a irin wannan wuri, kuma ka goge muryoyin da ka naɗa daga wayarka da ta tafintanka da zarar ka kwafe su zuwa ma'ajiya mai kulle.